Bitamin E da cutar Alzheimer: abin da gwajin 'yan mazan jiya 613 ya nuna

Daga watan Agustan 2007 zuwa Satumban 2012, asibitoci 14 na 'yan mazan jiyan Amurka sun gudanar da gwaji a kan tsofaffi 613 masu fama da cutar mantuwa ta Alzheimer. Lokaci-lokaci akan zaunar da mai kula da kowane tsoho a gida a yi masa tambayoyi. Yana cin abinci da kansa? Yana iya wanka ba tare da an riƙe shi ba? In an ajiye masa kaya, yana sa su daidai? Yana ɗaga waya ya kira wani? In ya ajiye abinsa, yana gano inda ya sa? Amsoshin nan ake tarawa su zama maki, daga 0 zuwa 78, kuma da wannan makin aka auna ko bitamin E na da wani amfani ga wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara lalacewa.

Duk wanda ya taɓa jinyar tsohon da ya rikice ya san nauyin waɗannan tambayoyi. Mu a gida gigin tsufa muke cewa, ko mu ce Baba ya koma yaro, wani lokaci ma a ɗora wa iskokai. Likitoci kuwa suna kallon abin a matsayin cuta mai cin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 55 ne ke ɗauke da cutar mantuwa a duniya, sama da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na wannan adadi. Na zaɓi in bi diddigin wannan gwaji ne saboda a 'yan shekarun nan kalmar antioksidan ta cika tallace-tallacen Facebook da WhatsApp, ana sayar da kwalabe masu tsada da sunan maganin mantuwa, kuma masu tallan kan ce wai "bincike ya tabbatar". To ga binciken nan, mu ga abin da ya tabbatar.

Dalilin da ya sa aka sa rai da bitamin E

Tunanin ya samo asali tun 1956, lokacin da wani masanin Amurka mai suna Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa tsufa kansa ɓarnar iskar oksijin ce. Jiki na ƙona abinci da oksijin don samun ƙarfi, kuma a wajen wannan ƙuna wasu 'yan ɓurɓushi masu zafin nama kan kuɓuce, su faɗa wa duk abin da suka tarar: kitsen da ya yi wa ƙwayar halitta katanga, furotin, har da kundin gado na cikin ƙwayar. Kusan abin da ke sa ƙarfe tsatsa ne, ko ya sa man gyaɗan da aka bari a buɗe ya canja wari. Antioksidan su ne sinadaran da ke tare waɗannan ɓurɓushi kafin su yi ɓarna. Wasu jiki ne ke ƙera su da kansa, wasu kuma daga abinci suke zuwa, kamar bitamin C da bitamin E da launukan da ke cikin ganye da 'ya'yan itatuwa.

Ƙwaƙwalwa ta fi kowace gaɓa zama a bakin wannan wuta. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na oksijin da mutum ke amfani da shi. Cike take da irin kitsen da ke saurin lalacewa, kuma mafi yawan ƙwayoyin jijiyarta in sun mutu ba a maye gurbinsu. Da aka duba ƙwaƙwalen waɗanda suka rasu da Alzheimer, an ga alamun wannan tsatsa a fili. Shi kuma bitamin E a cikin kitse yake narkewa, a jikin katangar ƙwayar halitta yake zama, wato daidai inda ɓarnar ke aukuwa. A takarda dai lissafin ya fita tsaf.

Gwaji na farko mai girma ya fito a watan Afrilun 1997 a mujallar New England Journal of Medicine, ƙarƙashin jagorancin Mary Sano ta Jami'ar Columbia. Marasa lafiya 341 da cutar ta kai matsakaicin mataki aka raba gida huɗu na tsawon shekara biyu: masu shan bitamin E har IU 2,000 a rana (IU ma'auni ne da ake auna bitamin da shi), masu shan maganin selegiline, masu shan duka biyun, da masu shan ƙwayar wofi wadda babu magani a cikinta. Abin da aka sa ido a kai shi ne tsawon lokacin da mutum zai ɗauka kafin ɗayan abu huɗu ya same shi: mutuwa, kai shi gidan kula da tsofaffi, kasa yi wa kansa hidimar yau da kullum, ko faɗawa mataki mai tsanani.

Da aka kwatanta rukunonin kai tsaye, ba a ga bambancin a zo a gani ba. Sai masu binciken suka lura cewa 'yan rukunin ƙwayar wofi sun shigo gwajin da ƙwaƙwalwa mai ɗan dama-dama fiye da saura, ƙuri'a ce ta faɗa haka. Da suka gyara lissafi don cire wannan fifiko, sai ga shi masu bitamin E sun kai kwana 670 kafin abin ya same su, masu ƙwayar wofi kuwa kwana 440. Ratar kwana 230 ke nan, fiye da wata bakwai. Wannan adadi ne ya zaga duniya, likitoci da dama suka fara rubuta bitamin E ga masu Alzheimer. Abin da bai zaga tare da shi ba: a gwajin tunani da tuna abu babu wani ci gaba da aka gani, an sami ƙarin faɗuwa da suma a cikin waɗanda suka sha magani, sannan duk nasarar ta rataya ne a kan gyaran lissafin nan.

Shekarar 2005 ta zo da labari biyu marasa daɗi. Edgar Miller da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins suka tattara gwaje-gwaje 19 da suka ƙunshi mutum 135,967, suka ce shan IU 400 ko fiye a kullum yana tafiya da ɗan ƙarin mace-mace. An yi ta gardama a kan yadda suka yi lissafin, domin da yawan mutanen dama suna da wasu cututtuka masu tsanani, amma tsoro ya riga ya shiga. Bayan 'yan watanni Ronald Petersen na asibitin Mayo ya fitar da nasa sakamakon a kan mutum 769 masu 'yar mantuwar da ba ta kai cuta ba tukuna. Shekara uku suna shan IU 2,000, kuma sun riƙa faɗawa Alzheimer daidai yadda masu ƙwayar wofi suka faɗa, kimanin kashi 16 cikin ɗari a kowace shekara.

Yadda gwajin ya gudana

A cikin wannan ruɗani ne Maurice Dysken, likitan ƙwaƙwalwar tsofaffi a asibitin 'yan mazan jiya na Minneapolis, ya jagoranci gwajin da aka sa wa suna TEAM-AD. Waɗanda aka ɗauka cutarsu tana matakin farko zuwa matsakaici, shekarunsu a matsakaici sun kusa 79, kuma kowannensu yana kan maganin Alzheimer irin su donepezil tun kafin ya shigo. Wannan muhimmi ne: bitamin E ƙari aka yi shi a kan magani, ba a cire wa kowa maganinsa ba. Ƙuri'a ta raba su gida huɗu, kowane gida mutum 150 da 'yan kai. Gida na farko bitamin E, IU 2,000 a rana. Na biyu wani maganin Alzheimer mai suna memantine, miligiram 20. Na uku duka biyun. Na huɗu ƙwayar wofi. Marar lafiya bai san abin da yake sha ba, mai jinyarsa bai sani ba, likitan da ke ba da maki ma bai sani ba. An bi su na tsawon shekara biyu da 'yan watanni a matsakaici, sakamakon ya fito a mujallar JAMA a farkon Janairun 2014.

Kowa a cikinsu ya ci gaba da lalacewa, babu rukunin da cutar ta tsaya ko ta ja da baya. Sai dai masu bitamin E kaɗai sun yi asarar maki 3.15 ƙasa da abin da masu ƙwayar wofi suka yi. Masu binciken suka fassara wannan da cewa saurin lalacewar ya ragu da kashi 19 cikin ɗari a shekara, kwatankwacin jinkirin wata shida da ɗan ɗoriya. Lokacin da mai jinya ke kashewa a kan marar lafiya ya ƙaru a dukkan rukunoni, amma a rukunin bitamin E ƙaruwar ta fi ƙanƙanta. Kuma abin da aka fi tsoro bai faru ba, domin mace-mace ba su fi yawa a cikin masu bitamin E ba.

Ban raina wata shida ba, kuma ba na so mai karatu ya raina. Maki uku a wannan ma'auni na iya zama bambancin tsohon da ke shiga bayi da kansa da wanda sai an kai shi. Ga matar da ke wanke miji mai shekara 80, ko 'yar da ta bar sana'arta don ta zauna da mahaifi, wata shida na mutunci ba ƙaramin abu ba ne.

Amma akwai wurare uku da sakamakon ke ɗingishi, kuma na farkon ya fi damuna. Rukunin da ya sha bitamin E tare da memantine bai sami wannan amfani ba. Adadin bitamin ɗaya ne, tsawon lokaci ɗaya ne, marasa lafiyar iri ɗaya ne, amma ba su bambanta da masu ƙwayar wofi yadda za a dogara da shi ba. In har bitamin ne ya yi aikin, me ya hana shi yi a nan? Masu binciken sun ce wataƙila memantine ne ke yi masa katsalandan, sai dai babu wata sananniyar hanya da ke bayyana hakan. Abin lura kuma, irin wannan ya faru a 1997: masu shan bitamin E da selegiline tare sun tsaya a kwana 585, ƙasa da masu bitamin E kaɗai, ƙasa da masu selegiline kaɗai da suka kai 655. Sau biyu ke nan ana haɗa bitamin da wani magani amfaninsa na raguwa. Ko dai akwai wani abu a cikin aikin wannan sinadari da har yanzu ba a fahimta ba, ko kuma wani ɓangare na nasarar sa'a ce irin wadda kan faɗo idan rukunoni ƙanana ne. Duk mai gaskiya dole ya bar ƙofofin nan biyu a buɗe.

Na biyu, gwaje-gwajen tunani ba su motsa ba, kamar dai a 1997. Tsohon ya ɗan daɗe yana sa riga da kansa, amma tuna sunan jikansa bai ƙaru ba. Na uku, fiye da mutum huɗu cikin goma ba su kai ƙarshen gwajin ba, 128 sun rasu, wasu sun janye. A gwajin tsofaffi masu wannan cuta haka ba baƙon abu ba ne, amma yana rage ƙarfin hujja. Shi ya sa da ƙungiyar Cochrane, mai tantance hujjojin binciken lafiya, ta sake nazarin hujjojin a 2017, iyakar abin da ta yarda ta faɗa shi ne bitamin E na iya rage saurin rasa iya hidimar kai, bisa gwaji guda ɗaya, kuma babu shaidar yana gyara tunani ko yana hana mai 'yar mantuwa faɗawa cutar.

Ga mai lafiya fa?

A nan ne masu talla suka fi yin ɓarna, domin kasuwarsu ba ta masu Alzheimer ba ce, ta masu tsoron kamuwa ce. Mun taso da jin cewa rigakafi ya fi magani, to amma sai in abin rigakafin ne da gaske. An gwada. Gwajin PREADViSE ya bi maza 7,540 masu shekara 60 zuwa sama da ba su da cutar mantuwa, wasu na shan bitamin E IU 400, wasu sinadarin seleniyam, wasu duka biyun, wasu ƙwayar wofi. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna babu wanda ya sami kariya. Wannan gwaji reshe ne na wani babba mai suna SELECT, wanda ya ɗauki maza fiye da 35,000 don ganin ko bitamin E zai hana kansar furostet, wadda ake yawan kira kansar mafitsarar maza. A 2008 aka ce kowa ya daina sha saboda babu amfani, a 2011 kuma aka tarar masu bitamin E sun fi kamuwa da kansar da kashi 17 cikin ɗari. An je neman ƙiba an samo rama.

Sauran 'yan gidan antioksidan ma ba su tsira ba. Ganyen ginkgo, a kan tsofaffi 3,069 na kusan shekara shida, bai hana mantuwa ba. A cutar Parkinson mai sa karkarwa, bitamin E bai yi komai ba ga mutum 800 a gwajin DATATOP da sakamakonsa ya fito a 1993, sinadarin CoQ10 kuma an dakatar da gwajinsa a 2011 bayan an ga ba inda za shi.

Wani ƙaramin gwaji na 2012 ya fi duk waɗannan koya mini darasi. Douglas Galasko da abokan aikinsa sun ba wasu daga cikin masu Alzheimer 78 haɗin bitamin E da bitamin C da wani antioksidan na uku har mako 16, suka ɗebi ruwan da ke zagaye ƙwaƙwalwa da laka suka auna. Alamar tsatsar nan ta ragu da kusan kashi 19 cikin ɗari. Wato sinadaran sun isa inda aka aike su, sun yi aikin da aka ce suna yi. Amma makin tunanin waɗannan mutane ya fi na masu ƙwayar wofi saurin faɗuwa. Gwajin ƙarami ne kuma gajere, ba za a yanke hukunci da shi cewa haɗin na cutarwa ba. Abin da ya nuna a fili shi ne ana iya goge tsatsar a bar cutar tana tafiyarta. Mai yiwuwa tsatsar hayaƙi ce, wutar tana wani wuri.

To daga ina maganar abinci ta fito? Daga binciken da ke bin mutane ana lura da abin da suke ci, ba tare da an ba su komai ba. A 2002 bincike biyu suka fito tare, ɗaya daga Rotterdam a ƙasar Holan a kan mutum 5,395, ɗaya daga Chicago ƙarƙashin Martha Clare Morris a kan mutum 815. Duka biyun sun ga cewa masu samun bitamin E da yawa daga abinci sun fi ƙarancin kamuwa da Alzheimer. A na Chicago, masu shan ƙwayar bitamin ba su sami wannan rangwame ba. A 2022 May Beydoun ta cibiyar nazarin tsufa ta Amurka ta duba jinin mutum 7,283 da aka bi kimanin shekara 16, ta ga masu yawan launukan da ake samu a koren ganye irin alayyafo, da na gwanda da lemo, sun fi tsira daga mantuwa. Da aka sa ilimi da samun kuɗi da motsa jiki a lissafi, dangantakar ta ragu. Hakan ba abin mamaki ba ne. Mai cin ganye da 'ya'yan itace kullum sau da yawa shi ne mai halin zuwa asibiti, mai sanin awon jininsa, marar shan taba.

Sannan abinci da ƙwaya ba abu ɗaya ba ne ko a sinadarance. Bitamin E iri takwas ne a halitta, ƙwayar kanti kuwa galibi iri ɗaya tak take ɗauke da shi, kuma yawan shan wannan ɗayan yana rage wani ɗan uwansa a cikin jini. Babban mutum miligiram 15 yake buƙata a rana, abin da gyaɗa da man gyaɗa da manja da ganyen miya za su iya ba shi. Abin da 'yan mazan jiyan nan suka sha ya ninka wannan kusan sau 60. Kafin mutum ya samu haka daga gyaɗa sai ya ci fiye da kilo 10 a yini. A wannan mataki abin ya tashi daga abinci ya koma magani mai illarsa: yana hana jini saurin daskarewa, yana karo da maganin tsinka jini irin warfarin, kuma wani nazari na 2010 da ya haɗa gwaje-gwaje da dama ya nuna yana ƙara haɗarin fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa da kashi 22 cikin ɗari, duk da ya rage irin shanyewar ɓarin jikin da toshewar jijiya ke kawowa da kashi 10. A wurinmu, inda hawan jinin da ba a kula da shi ba ya yi yawa, wannan ba gargaɗin wasa ba ne.

Adalci ne in ambaci inda bitamin E ke ceton jijiyoyi ba tare da gardama ba. Akwai wata cutar gado da aka fi sani a Arewacin Afirka, musamman Tunisiya, inda hanta ke kasa riƙe bitamin E ta tura shi cikin jini. Yaro ya fara tangaɗi, tafiya ta gagara, magana ta sarƙe. In aka gano da wuri aka ɗora shi a kan bitamin E mai yawa, cutar kan tsaya. A can akwai rashi na gaske, kuma cike shi magani ne. Mai Alzheimer da ke cin abinci daidai ba shi da irin wannan rashi.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin rage haɗarin cutar mantuwa, ta ce kada a ba mutane shawarar shan bitamin B ko E ko haɗe-haɗen ƙwayoyin ƙarin abinci da wannan niyya. Ta fi karkata ga motsa jiki, barin taba, da kula da hawan jini da ciwon suga. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce magance su na iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar, ciki har da raunin ji, raunin gani da ba a yi wa magani ba, rashin ilimi tun yarinta, buguwar kai da kaɗaici. Rashin shan antioksidan ba ya cikin jerin. Abin da ke ci mini rai shi ne in ga gida sun haɗa kuɗi sun sayi kwalbar da aka yi wa talla, alhali maganin hawan jinin Hajiya ya ƙare tun makon jiya, kuma yanar da ke idonta an shekara ana cewa za a je a cire.

Ga iyalin da likita ya riga ya tabbatar musu cewa Alzheimer ce, kuma tana matakin farko ko matsakaici, tambayar likita game da bitamin E ba laifi ba ne, gwajin Dysken ya ba da dalilin yin tambayar. Sai a je da dukkan magungunan da tsohon ke sha a leda, musamman aspirin da warfarin, a faɗi ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, a bar likitan ya auna. A kuma je da sanin su wa aka gwada: kashi 97 cikin ɗari na mutum 613 ɗin nan maza ne, mafi yawansu fararen fata, dukkansu ƙarƙashin kulawar asibiti a kai a kai, alhali a duniya mata ne suka fi yawa a cikin masu wannan cuta.